Yadda Ake Taƙaita Masu Shiga Rauta da Suwic Daga Nesa, Mataki-Mataki

Masu kula da netwok na yawan yi mini tambaya iri ɗaya: rauta da suwic, wato na'urorin da ke haɗa kwamfutoci da juna da kuma intanet, suna aiki lafiya, an sa musu kalmar sirri mai ƙarfi, to me kuma ya rage? Wasu kuma hankalinsu ba ya tashi sai ranar da suka buɗe rijistar na'ura suka tarar da layi bayan layi na yunƙurin shiga da sunan admin ko root daga adireshin da ba su taɓa gani ba. Gaskiyar magana, kalmar sirri kaɗai ba ta isa ba. Abin da ake so shi ne wanda ba shi da hurumi kada ma ya iso wurin da ake rubuta ta. A watan Oktoba na 2023 an gano rauni a shafin sarrafawa na Cisco IOS XE (manhajar da ke tafiyar da na'urorin kamfanin Cisco), wanda ya ba mahara damar ƙirƙirar wa kansu asusu mai cikakken iko ba tare da sanin kalmar sirrin kowa ba, kuma dubban na'urorin da aka bar shafin nasu a buɗe ga intanet suka faɗa hannu. A 2018 ma an yi irin haka da Winbox, manhajar sarrafa na'urorin kamfanin MikroTik, inda ake iya kwashe bayanan masu shiga ba tare da an shiga ba.

Misalan da ke ƙasa na Cisco IOS ne da MikroTik RouterOS. Ka bi matakan a jere yadda suke, domin yawancin waɗanda suka kulle kansu a waje umarnin da suka rubuta daidai ne, sai dai sun sa na baya a gaba.

1. Kayan aiki da abin da za a kashe

Kana buƙatar laftof, kebul ɗin konsol (wanda ke haɗa laftof da na'ura kai tsaye) da ya dace da na'urarka, da manhajar shiga irin PuTTY. Yawancin na'urorin Cisco suna magana ta konsol a kan saurin 9600, kuma idan ka ga haruffan shirme a allo, to saurin ne bai dace ba. Ka kuma sauko da Nmap, manhajar da ke duba ƙofofin na'ura (port) da ke buɗe, domin gwaji a ƙarshe. PuTTY da Nmap kyauta ne, umarnin da za mu yi amfani da su kuma suna cikin na'urar tun asali, ba sai an sayi lasisi ba. Kebul ɗin kawai za ka saya idan ba ka da shi. Tsadar aikin tana cikin lokaci: ka ware lokacin da mutane ba sa aiki, ka sanar da masu ruwa da tsaki cewa mai yiwuwa intanet ya ɗauke na 'yan mintuna.

2. Rubuta waɗanda za su shiga, da inda za su fito

Kafin ka taɓa na'ura, ɗauki biro da takarda. Su wa ke shiga? Daga wace kwamfuta? Wace saba ce ke kwafar saiti da daddare, wacce kuma ke lura da lafiyar na'urori? Waɗannan biyun na ƙarshe su ne aka fi mantawa da su, sai bayan mako guda a ga babu sabon kwafin ajiya.

Mafi tsafta shi ne a ware wa masu kula da netwok rukunin adireshi nasu daban, misali 10.10.50.0/24 a kan VLAN ɗinsu, wato keɓaɓɓen ɓangaren netwok, wanda ma'aikatan ofis da baƙi ba sa cikinsa. Wanda ya fi wannan ma shi ne kwamfuta guda mai tsayayyen adireshi da kowa zai fara shiga cikinta, sannan daga nan ya tsallaka zuwa na'urori. A misalanmu adireshinta 10.20.1.15.

Gargaɗi: adireshin da ka gani a laftof ɗinka ba lallai ne shi na'urar ke gani ba. Idan akwai NAT (tsarin da ke sauya adireshi a hanya) ko VPN (ɓoyayyiyar hanyar shiga netwok daga waje) a tsakani, ya canza kafin ya isa. Ka shiga na'urar ka rubuta `show users`; adireshin da ya fito a gefen layinka shi ne za ka ba izini. Idan kuma DHCP ne ke ba kwamfutocin masu kula adireshi, ka tsayar da shi tukuna, in ba haka ba gobe ka wayi gari da sabon adireshi da ba ya cikin jerin.

3. Tanadi hanyar dawowa

Wannan matakin ba a tsallake shi, ko da ka yi aikin sau nawa. Da farko ka adana saitin da ke aiki yanzu da `copy running-config startup-config`, ka kuma kwafi abin da `show running-config` ya nuna zuwa fayil a laftof ɗinka. Idan na'urar tana kusa, ka jona kebul ɗin konsol ka tabbatar kana iya shiga ta nan, kuma ka san kalmar sirrinta. Ba ranar da SSH (hanyar shiga daga nesa mai ɓoye bayanai) ya ƙi ba ce ranar gano cewa wanda ya bar aiki ne kaɗai ya san ta.

Idan na'urar tana wani gari, sai ka sa mata agogo:

```
reload in 15
```

Ma'anarsa, nan da minti 15 za ta kashe kanta ta tashi da tsohon saitin da ka adana. Ka yi canjinka, kada ka adana. Idan komai ya tafi daidai, ka rubuta `reload cancel` sannan ka adana. Idan ka kulle kanka, ka jira agogon ya cika, ƙofa za ta koma yadda take. Kuskuren da ake yi a nan biyu ne: mutum ya adana saiti tun bai gwada ba, sai agogon ya zama ba shi da amfani, ko kuma ya gama aiki ya manta da soke shi, sai rauta ta ɗauke ana tsaka da amfani da ita.

A MikroTik akwai Safe Mode, da maɓallinsa a saman Winbox, ko Ctrl+X a tamina. Idan haɗinka ya yanke alhali yana kunne, na'urar za ta warware canje-canjen da kanta bayan 'yan mintuna. Masu Juniper kuwa `commit confirmed` ne nasu, wanda ke mayar da tsohon saiti bayan minti 10 idan ba a tabbatar ba.

4. Asusun kowa daban

```
username injiniya1 privilege 15 secret KALMAR-SIRRI
enable secret WATA-DABAN
```

Ka lura da kalmar `secret`. Idan ka rubuta `password` a madadinta, kalmar sirrin za ta zauna a fili cikin saiti, kuma ko ka kunna `service password-encryption`, ɓoyewar da yake yi, wadda ake kira nau'i na 7, ana warware ta cikin daƙiƙa. A sababbin IOS za ka iya ƙara `algorithm-type scrypt` kafin `secret` don samun nau'i na 9, wanda ya fi tsauri. Kowane injiniya ya samu sunansa. Asusu ɗaya da mutum biyar ke rabawa, ranar da aka yi ɓarna babu wanda za a tambaya. A MikroTik ka buɗe sabon asusu a rukunin full, ka shiga da shi ka gani, sannan ka kashe admin.

5. Kunna SSH tukuna, sannan ka kashe Telnet

Telnet, tsohon tsarin shiga daga nesa, yana aika suna da kalmar sirri tsirara, duk wanda ke kan hanya zai iya karantawa. Ta ƙofarsa ta 23 ce muguwar manhajar nan Mirai ta bi a 2016 ta mamaye kyamarori da rautoci masu ɗauke da kalmar sirrin da suka zo da ita daga kamfani. Amma kada ka yi gaggawar rufe shi tun SSH bai tsaya da ƙafarsa ba.

```
hostname RAUTA-1
ip domain-name misali.local
crypto key generate rsa modulus 2048
ip ssh version 2
line vty 0 15
 login local
 transport input ssh telnet
```

Na'urar ba za ta ƙirƙiri makulli ba sai tana da suna nata da kuma sunan yanki, shi ya sa layukan biyu na farko suka gabata. Yanzu ka bar tagar da kake ciki a buɗe, ka buɗe wata sabuwa ka shiga ta SSH da sabon asusunka. Sai ka ga ka shiga, sannan ka koma ka rubuta `transport input ssh` shi kaɗai.

Gargaɗi: idan na'urar tsohuwa ce, sabuwar kwamfuta na iya ƙin yi mata magana, ta ce ba su daidaita a kan hanyar musayar makulli ko nau'insa ba. OpenSSH, wanda kwamfutoci da yawa ke amfani da shi wajen shiga ta SSH, tun daga 8.8 na shekarar 2021 ya daina karɓar tsohon sa hannun ssh-rsa sai an tilasta masa. Maganin ƙwarai shi ne sabunta manhajar na'urar. Kafin nan, ka buɗe tsohon tsarin ga wannan na'urar kaɗai a saitin kwamfutarka, kada ka koma Telnet.

6. Jerin izini a kan layukan VTY

Nan ne zuciyar aikin. Layukan VTY su ne kujerun da mai shiga daga nesa ke zama a kai, jerin izini kuma kamar maigadi ne da aka ba takarda mai sunaye: wanda ke ciki ya wuce, wanda ba ya ciki ko gaisuwa ba za a amsa masa ba.

```
ip access-list standard MASU-KULA
 10 permit host 10.20.1.15
 20 permit 10.10.50.0 0.0.0.255
 90 deny any log
line vty 0 15
 access-class MASU-KULA in
```

Ko ba ka rubuta layi na 90 ba, duk jerin izini yana ƙarewa da hana kowa a ɓoye. Amfanin rubuta shi shi ne kalmar `log`, wadda ke sa a rubuta adireshin duk wanda aka kora. Sa `access-class` ba ya korar wanda ya riga ya shiga, sababbi kawai yake tacewa, don haka tagarka ta farko tana nan da rai. Kada ka rufe ta. Buɗe ta biyu ka gwada.

Kurakuran wannan matakin suna da yawa, kuma kowanne yana kama mutane kullum.

Na farko, lambobin da ke bin adireshi a juye suke. Inda ka saba rubuta 255.255.255.0, a nan 0.0.0.255 ake so. Idan ka rubuta yadda ka saba, na'urar ba za ta yi ƙorafi ba, za ta karɓa, amma ma'anar ta koma duk adireshin da ya ƙare da sifili. Idan daga wannan rukunin kake shiga, ba ka ciki, kuma idan ka riga ka rufe tagar farko sai dai ka jira agogo.

Na biyu, rufe `vty 0 4` a bar sauran. Na'urori da yawa suna da layuka 16, kuma a saiti ana nuna su kashi biyu, 0 zuwa 4 da 5 zuwa 15. Ka duba `show running-config | section line vty` ka tabbatar kowane kashi yana da `access-class` da `transport input ssh` nasa.

Na uku, kuma shi ya fi haɗari domin shiru yake yi: kuskuren suna. Idan jerin sunansa MASU-KULA, kai kuma ka rubuta Masu-Kula a layin VTY, na'urar ta ɗauke su abu biyu daban. Jerin da babu shi kuwa ba ya hana kowa. Kai za ka shiga lafiya ka ce aiki ya yi, alhali kowa ma na shiga. Shi ya sa gwaji daga adireshin da ba shi da izini ya zama dole.

Na huɗu, rikita `access-class` da `ip access-group`. Na farko yana kan layukan VTY, yana tace masu shiga na'urar kanta. Na biyu yana kan fuskar da aka jona kebul, yana tace duk abin da ke wucewa. Wanda ya ɗora wannan jerin namu a kan fuskar da ofis ke bi da `ip access-group` ya yanke wa kowa intanet, garin neman gira ya rasa ido.

Na biyar ya shafi na'urorin da ke da ƙofar sarrafawa ta musamman a cikin VRF (keɓaɓɓen tsarin hanyoyi a cikin na'urar), kamar Mgmt-vrf na suwic ɗin Catalyst. A nan sai ka rubuta `access-class MASU-KULA in vrf-also`, in ba haka ba masu zuwa ta wannan ƙofar za a kore su ko da adireshinsu yana cikin jerin.

Na fi son jeri mai suna a kan mai lamba saboda ranar gyara. A jeri mai lamba, idan ka rubuta `no access-list 10 permit` da nufin cire layi ɗaya, jerin gaba ɗaya ne zai tafi. A mai suna kuwa ka shiga cikinsa ka ce `no 20`, ko ka ƙara `30 permit host` da sabon adireshi. Ka riƙa ba sabon layi lamba ƙasa da 90, domin duk abin da ya faɗa bayan layin hanawa ba a isa gare shi.

Idan na'urar tana da adireshin IPv6, jerin nan bai shafe shi ba ko kaɗan. Yana buƙatar nasa:

```
ipv6 access-list MASU-KULA6
 permit ipv6 2001:db8:50::/64 any
line vty 0 15
 ipv6 access-class MASU-KULA6 in
```

A MikroTik ana yin makamancinsa a jerin hidimomi:

```
/ip service set telnet,ftp,www,api,api-ssl disabled=yes
/ip service set ssh address=10.10.50.0/24,10.20.1.15/32
/ip service set winbox address=10.10.50.0/24,10.20.1.15/32
```

Sai dai wannan yana hana shiga ne kawai, ƙofar kanta tana iya bayyana ga mai dubawa daga waje. Ka haɗa da dokar fayawol a sarƙar input da ke zubar da duk abin da ya zo daga ɓangaren intanet ba tare da an nema ba. Akwai kuma shiga Winbox ta adireshin MAC (lambar da na'ura ta zo da ita daga kamfani), wadda ba ruwanta da IP, don haka jerin nan ba ya tsare ta. Ka taƙaita ta a `/tool mac-server` da `/tool mac-server mac-winbox` zuwa fuskar masu kula kaɗai. Ni ba na son a kashe ta gaba ɗaya a ƙaramar na'urar da ba ta da konsol, domin ita ce hanyar ceto ta ƙarshe kafin a kai ga share komai.

7. Sauran ƙofofin da ake mantawa

An tsare SSH, amma ba shi kaɗai ba ne. Shafin sarrafawa ta burauza, idan ba ka amfani da shi, kashe shi da `no ip http server` da `no ip http secure-server`. Idan dole ne, ka bar na biyun kaɗai, ka ɗaure shi da `ip http access-class`. Ka duba tukuna, domin wasu hidimomi, kamar shafin da baƙi ke shiga a na'urorin waya-les, sun dogara da shi.

SNMP, tsarin da ake lura da lafiyar na'urori da shi, shi ma hanyar shiga ce, ko da ba ta tambayar suna. Kalmar community mai alamar RW tana ba da damar canza saiti daga nesa. Ka cire public da private, ka bar RO kawai tare da jerin izini a ƙarshen layin, ko ka koma SNMPv3. A suwic ɗin Cisco ka duba Smart Install da ke sauraro a ƙofa ta 4786, ka kashe shi da `no vstack`. Idan rauta tana da layin aux da ba a amfani da shi, `no exec` da `transport input none` sun wadatar. A ƙananan rautoci na gida kuwa duk aikin nan ya taƙaitu ne a cire alama daga Remote Management.

8. Masu gwada kalmomi da masu barin taga a buɗe

```
login block-for 120 attempts 3 within 60
login quiet-mode access-class GAGGAWA
login on-failure log
login on-success log
line vty 0 15
 exec-timeout 10 0
```

Layin farko na cewa idan aka kuskure sau 3 cikin daƙiƙa 60, a rufe shiga na daƙiƙa 120. Amma rufewar ta kowa ce, har da kai, shi ya sa ake keɓe wasu da layi na biyu. Kada ka sa MASU-KULA a nan. Su ne dama kaɗai ke iya zuwa, idan ka keɓe su duka babu wanda aka rufe wa. Ka yi ƙaramin jeri mai suna GAGGAWA da adireshin 10.20.1.15 kawai. `exec-timeout 0 0` kuma, wanda ake sawa don gajiya da sake shiga, yana barin tagogi matattu su cinye layuka har wata rana a rasa wurin zama. Idan hakan ta riga ta faru, `clear line vty` da lambar layin zai kore su.

Idan na'urorinka sun yi yawa har cire sunan ma'aikaci ɗaya ya zama aikin yini, lokacin TACACS+ ko RADIUS ya yi, wato saba guda da ke tantance masu shiga duk na'urorin. Abin kiyayewa shi ne layin tantancewa ya ƙare da `local`, kamar `aaa authentication login default group tacacs+ local`, domin ranar da sabar ta faɗi asusun cikin na'ura ya karɓe ka. Kuma asusun ya kasance yana nan kafin ka rubuta `aaa new-model`.

9. Shiga daga wajen ofis

Kada ka sa adireshin gidanka a jerin izini. Yana canzawa, kuma gobe na wani ne. Canza lambar ƙofar SSH daga 22 zuwa wata yana rage hayaniya a rijista, amma Nmap zai gano ta, don haka kada ka lissafa shi a cikin tsaro. Hanyar da ta dace ita ce VPN, ko IPsec ko WireGuard wanda ke cikin RouterOS tun daga na 7, daga nan zuwa kwamfutar tsallakawa, sannan na'ura.

10. Gwaji, sannan adanawa

Ka gwada daga wuri uku. Daga kwamfutar da ke da izini, ka shiga. Daga kwamfutar ma'aikaci ko netwok ɗin baƙi, a kore ka. Daga waje, ta intanet ɗin wayarka, ka duba adireshin na'urar na fili:

```
nmap -Pn -p 22,23,80,443,4786,8291 ADIRESHI
```

Na'urorin da kake da izinin kula da su kaɗai za ka yi wa wannan. Duk ƙofar da ta nuna open daga waje, ka koma matakinta. Bayan nan `show access-lists` zai nuna maka ƙidayar da ke gefen kowane layi, kuma ya kamata ta layi na 90 ta ƙaru da gwajin da ka yi. Idan ba ta motsa ba, jerin bai hau kan layukan ba. Ka tura rijista zuwa wata saba da `logging host`, ka daidaita agogon na'urar da `ntp server` domin lokutan da ke rijistar su zama abin dogaro. Sai ka rubuta `reload cancel`, sannan `copy running-config startup-config`, ka ɗauki sabon kwafin saiti, kafin ka wuce na'ura ta gaba.